Gayyar Alƙalami

'Ya'yana, labari ya iso mini cewa kun haɗa kai, maza da mata, kowa ya rubuta labari guda, za ku ɗinke su cikin bango ɗaya ku fitar a wannan bazarar. An ce duk ƙagaggun labarai ne, amma a kan zamanin da bishara ta shigo ƙasarmu kuka gina su, daga nan Jere har Kwoi da Kagoro da Kafanchan. Madalla. Allah ya sa albarka a hannuwanku. Tun da dai ba a kai littafin maɗaba'a ba tukuna, ku yi haƙuri tsoho ya sa baki, don in ya fito magana ta ƙare, sai dai a ce da an sani.

Abin da kuka ɗauko ba baƙo ba ne a duniya. A Amurka sana'a ce zaunanniya: kamfanonin buga littattafan Kirista, irin su Barbour, sukan tara marubuta huɗu ko fiye, a ba su zamani ɗaya ko jigo ɗaya, kowa ya kawo nasa, a fitar da su tare. Tun kafin haka akwai Ben-Hur na Lew Wallace da ya fito a 1880, labarin wani Bayahude a zamanin Almasihu, wanda aka yi ta mai da shi fim. Amma ba sai mun haye teku ba. A 1933 aka sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a Zariya, ƙarƙashin jagorancin Rupert East. Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a kan tarihi aka kafa su. Jiki Magayi kuwa sunaye biyu ne a bangonsa: John Tafida, Kirista mutumin Wusasa, da East ɗin kansa. Ke nan tun farkon ƙagaggen labari na boko a Hausa akwai na tarihi, akwai na haɗin gwiwa, akwai kuma hannun ɗan ikilisiya a ciki. Gidanku kuka shigo, ba cin arziki kuka zo ba.

Wanda bai karanta Shaihu Umar ba a cikinku, ya nema ya karanta kafin ya sake taɓa nasa labarin. Littafi ne mai gaskiya game da ɗacin bauta: an sace yaro, uwa ta fita nemansa ita ma ta faɗa hannun masu saye da sayarwa, har ƙetaren Sahara. Amma ku lura da harin da aka kai ƙasar Gwari a farkon littafin. Daga kan doki muke ganinsa. Mutanen ƙauyen da aka faɗa wa ba su da suna, ba su da magana, adadi ne kawai da ake ƙirgawa a fada. Ba laifin marubucin nake gani ba, kowa daga inda yake tsaye yake hango duniya. Sai dai waɗannan marasa suna kakannin wasunku ne. Gurbin da aka bari ke nan, kuma shekara wajen casa'in yana jiran ku.

Haka yake a tarihin ikilisiya. Duk ɗan makarantar Lahadi ya san sunaye uku: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, da suka sauka Legas a Disamban 1893. Ya san Gowans ya mutu a Girku a 1894, Kent a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Wasu za su ƙara da cewa an buɗe tashar Kwoi a 1910, ta Kagoro ta biyo baya a shekarun 1920, a ƙasar Gbagyi kuma akwai Karu da Diko. Duk gaskiya ne, mun kuma gode wa Allah dominsu. To, amma wa ya ɗauki akwatunansu a ka? Wa ya yi musu tafinta, yana juya maganar da shi kansa bai gama fahimta ba? Wane ne mai bisharar da aka tura ƙauye da allo da alli da matarsa da tukunya ɗaya, yana noma da safe yana koyar da karatu da yamma? Baturen mishan yana da littafin ajiye labarin kullum, yana da wasiƙun da yake aikawa Kanada, don haka aka san shi. Mai bishara ba shi da ko ɗaya. Mutum irin Panya Baba na Karu, wanda ya daɗe yana shugabantar aikin bishara na ECWA, sunansa ya shiga littattafai. A bayan kowane mutum guda irinsa akwai ɗaruruwa da sai a bakin jikokinsu za ku ji su. Matan Zumunta ma haka. Su suka riƙe majami'u a ƙauyukan da maza suka tafi haƙar kuza, amma ku duba littattafan tarihin ikilisiya ku ga shafi nawa aka ba su.

Saboda haka tambayata ta farko ita ce: tsofaffi nawa kuka zauna da su kafin ku ɗauki biro? In amsar ita ce intanet kuka duba, to ku dakata da maɗaba'a. Luka ma ya nuna a farkon littafinsa cewa sai da ya bi diddigin al'amura wurin waɗanda suka gani da ido kafin ya rubuta. Ku je da ɗan sabulu ko sukari, ku gaisa, ku zauna a ƙasa. Kada ku ce, "Kaka, ba mu tarihin zuwan bishara." In kun faɗi haka, wa'azin da ta saba ji a ranar bikin cikar ikilisiya shekara hamsin za ta maimaita muku. Ku tambaye ta me aka dafa ranar da aka yi mata baftisma, a wane rafi, wa ya ƙi zuwa. Ku tambaye ta nawa ake sayar da gishiri, wane zane ta fara ɗaurawa, me kishiyar uwarta ta ce da aka gaya wa maigida sai ya zaɓi mace ɗaya kafin ya ci jibin Ubangiji. A nan labarin yake. Tsofaffi ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru suke riƙe ta: shekarar fara, shekarar diban gwamna da aka kwashi samari zuwa kuza a Jos lokacin yaƙin Hitila, shekarar da Sarauniya ta zo Kaduna. Naku ne ku san cewa diban gwamna tsakanin 1942 da 1944 aka yi shi, zuwan Sarauniya kuma 1956 ne.

Bayan baki sai takarda. Ku roƙi fastoci su buɗe muku tsofaffin rajistar baftisma da na aure, abin da gara ta rage. A Kaduna akwai gidan adana takardun tarihi na ƙasa, akwai kuma Arewa House, inda za ku sami rahotannin Di'o da Razdan a kan gundumominmu. Ku karanta su da ido biyu. Mai rubuta su haraji ya zo ƙirgawa, kuma ta bakin ɗan sarki ko tafinta ya ji yawancin abin da ya rubuta. Littattafan Farfesa Yusufu Turaki a kan mulkin mallaka da aikin mishan za su taimake ku, haka na M. G. Smith a kan sarautar Zazzau, wadda Jere da Kagarko da Jama'a suka kasance ƙarƙashinta. Matarsa Mary Smith kuwa, wata tsohuwa ɗaya ta zauna da ita tana rubuta abin da take faɗa, aka sami Baba of Karo a 1954. Har yau masana ba su daina komawa gare shi ba.

Ƙananan abubuwa su suke tona asirin marubuci. In mutuminku yana Jere a 1940 ya ce zai tafi Abuja, Suleja ta yau yake nufi, don sai bayan an zaɓi sabon babban birni a 1976 sunan ya ƙaura. Ba zai ce shi ɗan Kudancin Kaduna ba ne. Kudancin Zariya ake cewa, jihar Kaduna ba ta sami wannan suna ba sai 1976. Ba zai biya naira ba, sai 1973 ta zo. Anini da kwabo da sisi da sule ne a aljihunsa, kakarsa kuma da wuri ta saba. Ba zai hau jirgin ƙasa a Jere ba, wannan tashar ta 2016 ce; jirgin zamaninsa ta Kafanchan yake bi, garin da reluwe ta raya tun wajen 1927, inda ma'aikata Ibo da Yarabawa suka gina nasu majami'un. Kada ku ba mai wa'azi na 1915 cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya riƙe, domin sai 1932 aka buga shi gaba ɗaya, aikin da Likita Miller na Zariya ya yi wa hidima shekara da shekaru. Kafin nan sashe-sashe ake da shi. Kada kuma wani ya ce shi ɗan ECWA ne kafin 1954, ko ya fita wa'azin Sabon Rai Don Kowa kafin shekarun 1960. Mai karatu tsoho in ya kama ku da ɗaya daga cikin waɗannan, ya daina yarda da sauran, har da abin da kuka faɗa daidai.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, shi ya sa ma na ɗauki takarda. Ƙagaggen labari yana ba ku dama ku ƙirƙiri mutum, ku sa masa suna, ku sa magana a bakinsa. Bai ba ku dama ku ƙirƙiri laifi ku ɗora wa gidan da yake nan ba. In kun ce sarkin wani gari a wata shekara ya sa an ƙone majami'a, to sarki ɗaya ne a garin a shekarar, jikokinsa suna nan, wataƙila ɗaya tana aji ɗaya da ƙanwarku. In ya faru, kuna da shaida, ku rubuta, ban ce ku ji tsoro ba. Hari ya faru, bauta ta faru, an kai mutane Zazzau a matsayin gandu, an kira kakanninmu arna an mulke su da raini, an doki waɗanda suka tuba. Wanda ya ce a share wannan don zaman lafiya, ba zaman lafiya yake nema ba. Amma in bai faru ba, kuka ƙaga shi don labari ya yi zaƙi, kun yi shaidar zur, ko da kun rubuta a shafin farko cewa duk ƙage ne. Mu da muka ga rikicin Kafanchan a Maris na 1987, muka ga na Zangon Kataf a 1992, muka ga na 2011, mun san abin da magana take iya haifarwa a ƙasar nan. A Jere kuwa Musulmi da Kirista kasuwa ɗaya muke ci, mota ɗaya muke shiga, ramukan hanya ɗaya suke karya mana baya.

Ku nemi abokinku Musulmi mai karatu, wanda ba ya jin nauyinku, ku ba shi rubutun ya karanta. Ba don ya ba ku izini ba. Don ya nuna muku inda kuka sa malami ya faɗi abin da babu malamin da zai faɗa, ko inda duk Bafulatanin da ya shigo labari da takobi ya shigo. A zamanin da kuke rubutawa akwai fataken da suka sauka gidajen kakanninmu suka yi amana ta shekaru, akwai Fulanin da ake ba kiwo. Har harshen da aka kawo mana bishara da shi, Hausa ne.

Haka kuma ku yi adalci ga kakan da ya mutu yana bin dodo. Na san jarabar: a mai da shi mugun tsoho mai jan ido, ɗansa mai tuba kuma mala'ika. Ku tuna Byang Kato na Kwoi, wanda aka haifa a 1936, ya zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka, ya rasu a ruwa kusa da Mombasa a 1975 yana da shekara 39. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a hidimar addinin gargajiya, tubarsa kuma ta jawo masa wahala a gida. Marubuci mai gaggawa zai tsaya kan wahalar yaron. Marubucin kirki zai kuma tambaya: me uban yake tsoro? A ganinsa, in ɗan ya bar hanyar, wa zai yi masa abin da ya kamata ranar da ya mutu, wa zai tsare gidan daga fushin kakanni? Ƙauna ce take dukan yaron, ko da ta ɓata hanya. In kuka iya sa mai karatu ya yi kuka domin uban ba tare da ya ce ɗan ya yi kuskure ba, kun iya rubutu. Chinua Achebe, ɗan malamin mishan, abin da ya yi ke nan da Okonkwo da ɗansa Nwoye a littafinsa na 1958, shi ya sa duniya ba ta ajiye littafin ba.

Namu ma kada ku wanke su fes. Akwai Baturen da ba ya barin baƙar fata ya shiga falonsa. Akwai dattijon ikilisiya da ya kori matansa biyu da 'ya'yansu don a ba shi kujera a gaba, ba wanda ya tambayi inda suka kwana. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye abin da Dauda ya yi wa Uriya ba, bai ɓoye musun Bitrus ba, wanda za mu sake ji a makon Ista. Mu wane ne da za mu fi shi kunya? Kuma don Allah kada kowa ya tuba a babin ƙarshe. Wa'azi yana da bagadinsa, fasto yana nan ranar Lahadi. Ku bar wasu su mutu a kan abin da suka yarda da shi, kamar yadda aka yi a gaske.

Sai zancen haɗin kanku. Rubutun taro gayya ce: a gona ɗaya ake, kowa da kunyarsa, kuma in wani ya karkace tasa, duk gonar ake zagi. Ku zauna ku daidaita abubuwan da kuka yi tarayya a kai. In a labarin wance an gina majami'ar ƙauye da ciyawa a 1936, kada a labarin wane a same ta da kwano a 1930. Ku tsai da yadda za ku rubuta sunayen garuruwa da na ƙabilu. Mai ba da labari ya ce Gbagyi da Ham da Bajju da Atyap, ya bar Gwari da Jaba da Kaje da Kataf a bakin mutanen zamanin da suke faɗar haka. Amma kada ku daidaita murya. Bishara huɗu ce, Markus mai sauri ne, Yohanna mai nutsewa, ba wanda ya ce a narkar da su su zama ɗaya. Ku naɗa mutum guda ya zama edita, ku ba shi iko ya ce wannan shafi bai yi ba, wanda aka gaya wa kuma kada ya daina zuwa zumunta.

Maganar kuɗi ku yi ta yanzu, tun ba ko kwabo a tsakani. Wa ya biya maɗaba'a, nawa, yaya za a mayar masa? Sunan wa zai fara a bango? Bin haruffa ya fi raba gardama. In wani ya so ya ɗauke labarinsa ya faɗaɗa shi ya zama littafi na kansa, ko wani ya zo neman ya yi fim da shi, na wa ne? Ku rubuta, kowa ya sa hannu, dattijo ɗaya ko biyu su shaida. Za ku ce ai 'yan'uwa ne cikin Ubangiji. Ni dai na ga ƙungiyar mawaƙa ta watse a kan kuɗin kaset, duk kuwa da baftisma ɗaya aka yi musu.

Wasunku da Turanci suka rubuta, na sani, don shi ne na makaranta, shi ne kuma ake ganin zai kai Abuja da Legas. Ban hana ba. Amma tsohuwar da ta ba ku labarin da Hausa take waƙa a coci, da Gbagyi ko Koro take mafarki. In ba za ku iya fitar da littafin da Hausa ba, ko labari biyu ku juya, ku bar gaisuwa da kirari da sunayen abinci a harshen gida.

Game da lokacin fitarwa, kun yi dabara da kuka zaɓi bazara, in dai ba ku yi jinkiri ba. Da Ista 'yan birni suna gida, ana Tuk Ham a Kwoi, majami'u cike. Da ruwa ya sauka kuwa, kuɗin kowa ya tafi irin citta da taki da 'yan ƙwadago, ga shi tun cutar da ta cinye citta a 2023 manoma da yawa ba su gama miƙewa ba. Ku sa farashin da malamin firamare zai iya biya. Bikin ƙaddamarwa ku yi shi daidai ƙarfinku. Babban mai ƙaddamarwa zai tashi ya yi alkawarin dubu ɗari biyar, a yi tafi, a yi guɗa. Ku yi masa godiya, amma kada ku ci bashin maɗaba'a a kan alkawarinsa. Na fi son mutum ɗari su sayi kwafi ɗaya-ɗaya su karanta, da mutum ɗaya ya sayi ɗari ya zuba a but ɗin mota. Ku nemi lambar ISBN a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa, ku kai musu kwafin da doka ta ce a ajiye, ku aika wa makarantar tauhidi ta Kagoro da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya nasu. A wurin bikin kuma a rage jawabai, a ba ɗayanku mai murya ya karanta shafi uku a fili.

Kafin wannan rana, ku koma wurin kowane tsoho da ya ba ku labari, ku karanta masa abin da kuka yi da maganarsa. Ku tambaye shi ko yana so sunansa ya fito a shafin godiya ko a sakaya, domin akwai abin da mutum yake faɗa wa jikansa da ba ya so surukansa su gani a takarda. In ya ce a cire wani abu, ku cire, ko da shi ne wurin da ya fi daɗi. Muryoyin da kuka ɗauka a waya kuma kada su zauna a waya ɗaya, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta a tasha. Ku kwafe su wuri biyu ko uku, ku rubuta sunan mai magana da ƙauyensa da ranar da aka ɗauka, ku ba iyalinsa nasu, ɗaya kuma ku damƙa wa sakataren ikilisiya ya sa a akwatin rajista.